Kombin Gado a Jos: Inda Aka Sayi Na Araha da Inda Aka Ƙi

Motar Volkswagen Kombi ce ƙirar ƙarshen shekarun 1970, mai inji a baya, irin wadda ba ta da lagireto, iska ce kaɗai ke sanyaya ta. Wani dattijo a Jos ya yi shekaru yana jigilar kabeji da karas da dankalin Turawa da ita daga kasuwar Farin Gada. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, sai aka yi wa motar kuɗi, 'ya'yansa biyu maza suka karɓe ta a kasonsu, don ba za su iya ganin an ja ta zuwa wurin 'yan gwangwan ba. Babban ɗan kasuwa ne a nan cikin gari, ƙaramin ma'aikaci ne a Abuja, sai ƙarshen wata yake leƙo gida. Aikinta yanzu kai yara makaranta da zuwa biki ko ta'aziyya, wani lokaci da ɗaukar kaya.

A hanyar dawowa daga wani ɗaurin aure ta tsaya. Suna tsakiyar Hawan Kibo, dogon hawan da ke kan hanyar Akwanga zuwa Jos, ta cika da mutane da doyar da aka saya a hanya, injin ya yi ƙara mai ƙarfi sau ɗaya ya ɗauke. Aka jawo ta Jos, wurin wani tsohon bakanike da ya koyi sana'ar tun lokacin da Volkswagen ke harhaɗa motoci a Legas, aikin da aka fara a 1975. Da ya sauke injin ya kwance kan silinda na hagu, abin da ya gani bai ba shi mamaki ba: kan bawul ɗin fitar da hayaƙi na silinda ta uku ya gutsure, ya faɗa ciki, ya fasa fistin, ya daddatse kan silindar.

Nan rigima ta tashi tsakanin 'yan'uwan. Babban ya ce mota ce da ta ba shekara arba'in baya, a sayo mafi arahar abin da ake samu a Dilimi, kasuwar kayan gyaran mota ta Jos, a ɗaura, ta ci gaba da rarrafawa. Ƙaramin ya ce araha ce ta kai su ga wannan halin, ko kusa ɗaya ba za a sa ba sai na Jamus, ko da za a shekara ana jira. Ni maƙwabcinsu ne, ni suka ba riƙon littafin kashe kuɗi don kada wani ya zargi wani, shi ya sa na san abin da aka saya da dalilin sayensa.

Abin da ya kashe injin

Ƙaramin ya ɗora laifin a kan bawul ɗin, domin an taɓa canza shi da wani marar suna marar lamba. Bakaniken ya girgiza kai. "Ko wanda ya fito daga Jamus jiya aka sa a wannan wutar, haka zai yi," in ji shi, sannan ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera mana abubuwan da ya ciro.

Na farko fambel ne. A wannan injin bel ɗaya ne ke juya dainamo, fankar sanyaya injin kuma a bayan dainamon take a sanda ɗaya, don haka in bel ya yi sako-sako fanka ce ke rage gudu. Ana ɗaure shi ne ta hanyar rage siraran zobunan ƙarfe da ake kira wasa, da ke tsakanin faifai biyu na fulin dainamo. Wanda muka gani an cire masa wasa duka, amma har yanzu in ka danna shi da babban yatsa sai ya nutse fiye da ninkin abin da ya kamata, alhali bai kamata ya wuce santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Gefensa ya yi sulɓi yana ƙyalli. Da tsinkewa ya yi ma da ya fi, domin jar fitilar caji za ta kama direba ya tsaya. Wanda ke zamewa ba ya kunna komai, yana dai barin injin yana gasuwa a hankali.

Na biyu robar da ke zagaye ɗakin injin, wadda ke raba iska mai sanyi ta sama da zafin salansa na ƙasa. An sa ta araha, ta tsattsage, wani gefen ma ta zube. Ga kuma guntayen kwano biyu na ƙarƙashin silinda da wani ya cire a wani gyara can baya bai mayar ba. Mutane da yawa suna ɗauka kwanukan nan ado ne ko kariyar ƙura. Su ne hanyar iska. In babu su, fankar zafin da ta fitar take sake zuƙa. Ya kuma nuna mana cewa gidan fankar da ke kai na tsohon yayi ne, an ciro shi daga wata ƙaramar Volkswagen saboda ya fi sauƙin kuɗi. A irin wannan gidan, na'urar sanyaya baƙin mai tana tsaye ne a kan hanyar iskar da ke zuwa ɓangaren hagu, shi ya sa silinda ta uku ta yi suna wajen zafi. Kamfanin ya matsar da na'urar gefe tun 1971, amma a motar nan an koma baya da hannu.

Na uku ya fi ba ni tausayi, domin talauci ne ya kawo shi. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, an rage wa kafireta jet, wato ƴar kafar da fetur ke bi, don motar ta rage sha. A cikin Jos ba a ga illar ba sosai: garin yana kan tudu kimanin mita 1,200 sama da teku, iskarsa ba ta da kauri, inji ba ya buƙatar mai da yawa kamar na ƙasa. Amma da zarar an gangara wajen Akwanga iska ta ƙaru, man ya yi kaɗan, kuma wutar da man ya yi mata kaɗan ta fi zafi. Da wannan zafin aka tunkari hawan, da kaya, a inji mai ƙarfin doki kusan 50 da ke jan motar da ta haura tan ɗaya ko babu kowa a ciki.

Na huɗu shi ne saitin bawul. Tazarar da kamfani ya ƙayyade milimita 0.15 ce, ana aunawa injin yana da sanyi. Yaron da ke yi musu saitin da kunne yake yi, yana matsewa har sai ƙas-ƙas ɗin ya ɓace, don masu mota suna son inji shiru. To bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In aka cinye tazarar ba ya zama sosai, wuyansa ya yi ta miƙewa har ranar da zai rabu.

Duk wanda ya dubi buhun nan zai ga cewa kowanne cikin 'yan'uwan yana da rabin gaskiya. Bel da roba araha ce ta ci su. Sauran kuwa rashin awo ne da rashin sani, kuma kayan Jamus ba sa maganin wannan.

Yadda aka raba kayan

Bakaniken bai yarda a yi magana a kan "mai kyau" da "marar kyau" a dunƙule ba. Duk abin da aka ambata, tambaya biyu yake yi: in ya mutu, me zai tafi da shi? Kuma kafin a kai gare shi, me da me za a kwance? Abin da in ya lalace sai a tsaya a gefen titi a canza cikin minti goma, bai damu da wanda aka saya ba. Abin da ke cikin cikin injin, ko wanda ke riƙe da rai, nan ne ya kafe.

Kasuwar kanta sai an fahimce ta. Jamus ta daina ƙera wannan samfurin a 1979. Barazil ta ci gaba har Disambar 2013, ko da yake tun ƙarshen 2005 ta bar injin iska ta koma mai ruwa. Meziko ta yi ƙaramar Volkswagen mai irin wannan injin har 2003. Saboda haka abin da ke hannun 'yan kasuwa a Dilimi, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, kashi uku ne: tsofaffin na asali da aka ciro daga matattun motoci, sababbi daga kamfanonin da suka daɗe suna yi wa Volkswagen kaya, sai kwaikwayo, wanda a cikinsa akwai mai dama-dama akwai na zubarwa. Kuɗin da aka faɗa maka ba ya nuna wanne ne a hannunka.

A cikin injin an sayi fistin da silinda saiti guda na sanannen kamfani, da bawul ɗin hayaƙi huɗu sababbi masu kyau, ba ɗaya ba. Babban ya yi gardama a nan.

"Baba, ɗaya ne fa ya karye."

"Alhaji, sauran ukun wutar da ta ci wannan su ma ta lashe su. Ka fi son mu sake sauke injin nan bayan salla?"

Kan silinda kuwa tsoho aka nema na asali, aka duba tsakanin mazaunin bawul da ramin fulogi ko akwai tsaga, aka kai wa mai injin juya ƙarfe ya gyara mazaunin. Kuɗinsa bai kai na sabon kwaikwayo ba, kuma bakaniken ya fi yarda da ƙarfensa. Haka aka yi da gidan fanka irin na bayan 1971 da kwanukan da suka ɓace: duk tsofaffi ne masu tsatsa, aka kankare, aka yi musu fenti. Ya ce sababbin kwanukan kwaikwayo sirara ne, ramukansu ba sa haɗuwa da na injin, sai an yi ta lanƙwasa, a ƙarshe su bar kafa. Hatimin mai na bayan fulawil, wanda ɗan ƙaramin abu ne, an saye shi mai tsada ba tare da musu ba, domin in ya yi yoyo sai an sake sauke injin gaba ɗaya, ya kuma jiƙa kuloci.

Wurin da na goyi bayan ƙaramin ɗari bisa ɗari shi ne tiyon fetur. Abin da muka tarar a motar farar tiyo ce irin ta janareta, ta bushe ta yi tauri, babu ko maɗauri a bakinta. A Kombi tankin mai yana gaban injin ne kuma ya fi shi tudu, don haka in tiyo ta fashe man da kansa yake gangarowa, ko an kashe mota ba ya tsayawa. A ƙasa ga salansa mai zafi, a gefe ga distiributa mai tartsatsi, gangar jikin injin kuma haɗin maganiziyam ce, ƙarfen da in ya kama da wuta ruwa ba ya kashe shi. Motar da ke ɗaukar yara kullum safiya. An sayi tiyon mai ta gaske daidai bakin bututun, aka sa maɗauri a kowane gaɓa, aka mayar da ƴar robar da ke hana bututun ƙarfe gogar kwano, aka fitar da tacen mai daga ɗakin injin zuwa ƙarƙashin tanki, aka kuma ɗaure bakin tagullar da ke shiga kafireta da waya, don an san shi da zarewa. Duka wannan bai kai kuɗin taya ɗaya ba. An ƙara da tukunyar kashe gobara mai hoda, aka ɗaure ta kusa da direba.

Birki ma ba a yi ciniki a kansa ba, tunda duk mai fita Jos ta kudu sai ya gangara hawan da ya hau. An canza tiyoyin roba na birki, waɗanda kan kumbura ta ciki ba a gani, aka sa sababbin silindar ƙafa masu suna, aka zubar da tsohon man birki gaba ɗaya, domin yana shan danshi, in ya yi zafi a gangara sai ya tafasa feda ta tafi ƙasa. A taya ne babban ya so a sayi tokumbo na ƙaramar mota. Bakaniken ya duƙa ya nuna masa harafin C da ke bayan lambar 185 R14 a tsohuwar safayar mahaifinsu, alamar taya ce ta ɗaukar kaya, sannan ya nuna masa lambobi huɗu na ƙarshe a jikin wadda ake tallata masa: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ta daɗe da wuce shekara huɗun da hukumar kiyaye haɗurra take gargaɗi a kai. Kuɗi bai isa huɗu ba, aka sayi biyu sababbi, sauran biyun aka bari sai wata mai zuwa, aka kuma hana motar fita gari kafin nan.

Amma babban ya ci nasa wuraren, kuma sun fi yawa a lissafi. Gasket ɗin murfin bawul, gilasan fitilu, madubi, hannun ƙofa, roban shara gilashi, ƙwan fitila, wayar totur, duk na araha aka saya, wasu ma biyu-biyu don a ajiye a mota. Kujeru mai ɗinkin kujera na unguwa ya yi su. Baƙin mai ma ba a sayi mafi tsada ba. Injin lita biyu da rabi kawai yake ci, ba shi da filta sai ƴar raga, saboda haka abin da yake so shi ne a riƙa juye shi duk kilomita 5,000. Matsakaicin mai a rufaffiyar galan daga gidan mai ya wadatar. Wanda aka hana shi ne na awo a kwalba a bakin titi.

Hausawa na cewa sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma gaskiya ne, sai dai nagarin sai an gane shi. Ƙaramin ya zo daga Abuja da kwantak da kwandansa, ƙananan kayan wuta na distiributa, a kwali mai sunan wani babban kamfanin Jamus, ya biya kusan ninki uku na kuɗin na kasuwa. Bakaniken ya juya kwalin, ya dubi rubutun da ya ɗan dusashe, ya murza ƴar robar da ke gogar sandar distiributa da farce, ya ce bai yarda da su ba, amma tunda an saya a gwada. Ba a rufa wata ba motar ta fara shaƙewa in ta yi zafi. Jabu ne. Abin da ya tashe ta shi ne wata tsohuwar kwandansa da aka samu a gwangwanin kayan marigayin, a naɗe cikin tsumma. Daga nan aka tsayar da doka: duk abu mai muhimmanci a wurin mutum ɗaya za a saya, wanda bakaniken ya san shagonsa shekara da shekaru, wanda zai faɗa maka da bakinsa cewa wannan na ɗaya ne wannan na biyu ne, kuma in bai yi ba ya karɓa.

Kayan aiki

A nan aka fi daɗewa ana ja, domin babban yana ganin kayan aiki na bakanike ne, ba na mai mota ba. Hujjarsa tana da ƙarfi. Amma bakaniken nan shi kaɗai ya rage a kusa da ya san injin, idonsa ya fara rauni, yaransa kuma motocin zamani suka iya. Ranar da ba ya nan, duk wanda zai taɓa motar da abin da ke hannunsa zai taɓa ta.

Abin da ke hannun yawancin yara shi ne sifana da guntun bututu. A injin ƙarfe wannan yakan wuce. A nan gangar maganiziyam ce, kan silinda alminiyam, dukansu masu laushi. Notin kan silinda 25 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) yake so in kusoshin masu milimita 8 ne, 32 in masu 10 ne, a bi su kuma bisa tsari. In aka zarce, kusar takan taso da zarenta daga gangar, kan ya saki, wuta ta riƙa hurowa ta gefe. Ƙananan notuna shida na murfin ragar mai 7 Nm kacal suke so, kuma biyu daga cikinsu mun tarar an riga an kashe musu zare. A ɗaya gefen kuma, babban notin fulawil mai milimita 36 da na ƙafar baya mai 46 suna son sama da 300. Na ƙafar baya duk jikinsa sara ne, alamar da kurfi da guduma ake buɗe shi ake rufe shi, kuma ɗaya ya yi sako-sako har ya fara cin haƙoran da ke riƙe ƙafar. Hannu ba ya iya bambance 7 da 15, ba ya kuma iya tabbatar da 300.

Aka sayi sifana mai awon ɗauri matsakaiciya, ba ta kanti mai tsadar gaske ba, ba kuma ta tebur ba. Aka sayi fila gej, siraran ƙarafan auna tazara, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, alhali rashinsa yana cikin abin da ya ci injin. Da shi ake saita bawul, da shi ake ba kwantak tazararsa ta milimita 0.4. Soket mai lamba 46 an fara sayen na araha, ya tsage a jan farko, yaron da ke danna bututun ya tafi ƙasa da gwiwa, Allah ya kiyaye bai karye ba. Aka koma aka sayi baƙi mai kauri. Sifana 10 da 13 an saye su masu kyau saboda su ne ke aiki kullum, kuma marar kyau bakinta buɗewa yake ya murje kan noti. Sauran kuwa duk na gida ne: mai walda ya yi ƙarfen riƙe fulawil da ƙafafun tokare mota daga ƙarfe mai kauri, fitilar saita wuta kuma ƙwai ne da waya biyu. Duka aka zuba a akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ƙarƙashin kujerar baya, tare da fambel na ajiya mai kyau da takarda mai ɗauke da lambobin awon nan da babban rubutu.

Inda aka tsaya

Da na tattara littafin, abubuwan da aka saya na araha sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma mafi yawan kuɗin ya tafi ne a kan abubuwa kaɗan: fistin da silinda, bawul, birki, taya. Jimillar ta fi abin da babban ya yi niyya, ba ta kai rabin abin da ƙaramin ya ƙiyasta ba. A ganina babban ya fi gaskiya fiye da yadda ƙaninsa ke ba shi, domin da an bi ta ƙaramin da har yanzu motar tana kan duwatsu ana jiran kaya, kuma da an zubar da tsofaffin ƙarafan da suka fi sababbin. Amma da an bi ta babban a kan tiyon fetur da taya, da ban bar ɗana ya shiga motar ba.

An mayar da jet ɗin asali, an yi wa injin tafiyar sannu ta farko a cikin gari, aka juye mai, aka sake auna bawul. Yanzu duk canjin mai sai an auna, ana kuma rubuta abin da aka samu a kowane bawul, domin wanda tazararsa ke yawan rufewa shi ne ke shirin tafiya. Daga baya ta sauka Hawan Kibo ta hau da kaya, a giya ta biyu a wuraren da suka fi tsauri, direban bai matsa mata ba.

Saura kafireta. Sandar maƙogwaronta ta cinye mazauninta, tana shan iska ta gefe, shi ya sa ba ta zama daidai in an tsaya. Babban ya samo sabuwar kwaikwayo a farashi mai sauƙi. Ƙaramin ya ce, "Yaya, a bari in nemo ta asali." Bakaniken yana so a kai tsohuwar wa mai juya ƙarfe ya sa mata bushin tagulla, ya ce gangar jikinta ta fi duk wadda za a samu yanzu, sai dai aikin yana son hannu mai kyau, in aka kauce kaɗan an kashe ta. Ba a yanke ba tukuna, an bar maganar sai ƙaramin ya zo ƙarshen wata.